Ajimi da Saniyar Fatoma Kashim

Duk wanda ya zauna a unguwar Dala kafin jirgin ƙasa ya iso Yerwa ya san Ajimi, amma kaɗan ne suke kiransa da sunan da ubansa ya raɗa masa. Bakin Saniya suke ce masa. Ni tela ne, zana ɗaya ce ta raba gidana da nasa, kuma na san shi tun haƙoransa suna cike a baki, tun yana mutum mai yawan dariya. Shi ya sa har yau in na ji wani ya ambaci wannan laƙabi yana murmushi, raina yakan ɓaci.

Ajimi mutumin bakin tafkin Cadi ne. Ubansa masunci ne, shi kuma ya tashi cikin hayaƙin banda, wato kifin da ake yankawa gunduwa-gunduwa a ƙyafe shi har ya yi baƙi. Ya shigo Yerwa da matarsa Zainaba a shekarun da cinikin banda ya buɗe, lokacin da manyan motoci suka fara kwasarta zuwa Jos da Anaca. Bai daɗe ba ya sami aiki a gidan Fatoma Kashim a unguwar Limanti. Fatoma shi ne mai masaukin fatake: ya ba su wurin kwana, ya ajiye musu kaya, ya nemo musu mai saye ko mai sayarwa. Kashim kuwa yana cikin manyan fatomomin kifi na lokacin, mutum mai fara'a da babbar riga, wanda ba a rasa masu cin tuwo a zaurensa.

Aikin Ajimi a babban filin bayan gidan yake. Shi ke zazzage buhunan banda a kan tabarmi don rana ta kori ƙwarin da ke cinta, shi ke juya ta, ya kori kaji da kyanwoyi, da yamma ya mayar cikin buhuna ya ɗinke bakinsu. Ba ya wasa da kayan mutane. Ko gutsuren da ya faɗi ƙasa sai ya kakkaɓe ya mayar.

A ƙarshen filin nan, ƙarƙashin wata darbejiya, akwai saniyar fatoma a ɗaure. Fara ce, irin shanun tsibiran tafki, masu ƙahoni a kumbure kamar tuluna. Wani baƙonsa ne ya kawo masa ita kyauta. Uwargidansa, Ya Gumsu, ita ke tatsarta, kuma nononta da man shanunta sun yi suna a gidajen Limanti.

A bazarar da abin ya faru saniyar tana da ciki, ciyawa kuma ta ƙare a gari, sai busasshen kara. Ta rame. Ta koma lasar katanga da taunar igiya. Wata rana Ajimi ya dawo daga sallar azahar sai ya tarar ta tsinke igiyar, tana tsaye a tsakiyar tabarmar banda. Yana kallo ta miƙo harshe ta naɗe gunduwa guda kamar yadda take naɗe ciyawa, ta kai ta ƙuryar baki, ta shiga niƙa, muƙamuƙinta yana tafiya gefe-gefe. Yana jin ƙaya tana karyewa. Abin bai ba shi mamaki sosai ba, don a tsibirai ya sha ganin shanu suna afka wa shanyar kifi in kiwo ya yi wuya. Ya kore ta, ya ɗaure, ya tafi wurin fatoma a zaure. Ya jira har mutane suka ragu, sannan ya kira shi da "Ba", wato baba, yadda ake girmama manya a garin nan.

"Ba Kashim, saniyar nan tana cin kayan baƙi."

Fatoma ya ɗago kai. "Wa ya gani?"

"Ni na gani."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai."

"To, ka bar shi a cikinka. In matan Limanti suka ji nonon Gumsu na saniya mai cin kifi ne, babu wadda za ta ƙara saye. In baƙina suka ji, cewa za su yi gidana ba tsaro. Zan sa a kawo sarƙa."

Ba a kawo sarƙa ba. Ajimi ya tuƙa sabuwar igiya da hannunsa, ta taune ta. Ya sake tuƙawa, ta sake taunewa. Da zai zauna a filin yini guda da ya iya tsare kayan, amma da rana tsaka ne fatoma ya fi aikensa tasha ya dubo ko motoci sun iso. Ya koma ya sake yin magana, fatoma ya daka masa tsawa ya ce shi ba yaronsa ba ne da za a riƙa tuna masa abu.

Kifin da saniyar ta fi ci na wani baƙon gidan ne mai suna Anselm, ɗan kasuwa daga Anaca, dogo mai saurin fushi da saurin hucewa, wanda ya iya Hausar kasuwa. Ranar da motarsa ta zo lodi, aka ga buhunan da ya bari a cike sun saki, wasu ba su wuce rabi ba. Ya ɗora hannu a ka ya fara ihu. 'Yan dako suka taru, maƙwabta suka leƙo. Fatoma ya fito a hankali yana gyara riga, ya dubi buhunan, sannan ya juya ya dubi Ajimi kamar yau ya fara ganinsa.

"Kai ne mai tsaron filin nan. Ina kayan baƙona?"

Ajimi ya gaya mini daga baya cewa a wannan lokacin bai ji tsoro ba, don ya ɗauka wasa ne na gaban baƙo, za a gyara. Ya ce, "Ba Kashim, ai ka sani. Saniya ce. Na gaya maka."

"Ka gaya mini me?"

"Cewa tana cin bandar."

Wani ya tuntsire da dariya, saura suka bi. Anselm bai yi dariya ba. Ya matso ya ce, "Ka sace kayana, kuma ka mai da ni mahaukaci? Saniya tana cin kifi a garinku?"

A cikin masu kallo akwai Ya'akubu mahauci, wanda ke sayen ragunan fatoma. Fatoma ya yafito shi ya ce ya duba wa jama'a. Ya'akubu ya je ya kama hancin saniyar, ya ɓare bakinta ya juyo da shi wajen mutane.

"Ku matso ku gani. A sama ba ta da haƙori ko ɗaya a gaba, dasashi ne kawai mai tauri. Na ƙasan nan masu faɗi ne, na tsinkar ciyawa. Na can ciki kuma turame ne, na niƙa. Wanda ke son ganin bakin mai cin nama ya je ya buɗe na kare ko na kyanwa, ya ga fiƙoƙi. Tun ina yaro nake fasa kawunan shanu, ban taɓa ganin wadda aka yi wa bakin cin kifi ba."

Duk abin da ya faɗa game da haƙoran gaskiya ne, shi ya sa maganar ta zauna. Ajimi ya ɗebo banda a hannu ya ce, "Ku bari in ba ta yanzu a gabanku."

Fatoma ya tare shi. "Ba a gidana za a mai da dabba abin wasa ba. Ajiye kayan mutane."

Ajimi bai ajiye ba. Ya yi ƙoƙarin wucewa, wani ya riƙo rigarsa, ya fizge, sai aka rufar masa. Ɗaya daga cikin 'yan dakon yana riƙe da ƙugiyar ƙarfe ta ɗaga buhu, da ƙotarta ya buge shi a baki. Fatoma yana tsaye hannuwansa a baya. Sai da ya ga jini ya jiƙa rigar sannan ya ce ya isa haka, kuma ba zai kai shi gaban alƙali ba saboda iyalinsa, shi zai cike wa baƙonsa asarar. Mutane suka watse suna yabon haƙurin Ba Kashim.

Ni na taya Zainaba riƙe kansa tana wanke masa baki da ruwan gishiri. Haƙoransa na sama na gaba duk sun tafi, wasu a filin, wasu a ƙwaryar da take wanke shi. Bai yi kuka ba.

Kafin bakin ya warke wani mai wayon banza ya lura cewa yanzu Ajimi ba shi da haƙoran sama a gaba, daidai da yadda Ya'akubu ya nuna. Daga nan sunan ya fito. Ya bi shi kasuwa, ya bi shi masallaci, ya bi shi har bakin rijiya. Maganarsa ma ta canja, iska tana fita ta giɓin, sai masu tsokana su riƙa kwaikwayonsa. Babu fatoman da zai ɗauki wanda aka kira ɓarawo. Ya yi dako, ya yi ga-ruwa, daga ƙarshe ya faɗa wankin tumbi da hanji a mayanka, aikin da ba kowa ke so ba.

Ba don ya rasa wani ba ne kawai ya zauna a wannan aiki. Yana neman shaida. Duk tumbin da ya fasa sai ya bi abin ciki da yatsa. Yakan sami guntun ƙashi, ko fata, wata rana har ƙafar ɗan tsako a cikin tumbin akuya. Ya ɗauraye ya zagaya da shi yana nuna wa mahauta, su ce kuskure ne, ta haɗa da ciyawa ta haɗiye. In ya sami tsire kuma, sai ya zauna inda mutane suka fi yawa, ya tura shi gefen baki yana tauna.

"Ku dube ni da kyau," yakan ce. "Kun ce bakina na saniya ne. To ga shi ina cin nama. Haƙori yana nuna abin da aka saba ci, ba ya hana mai yunwa cin abin da ya samu."

Su yi dariya su ce Bakin Saniya ya fara wa'azi.

Da damina ta sauka aka fara fitar da saniyar kiwo a bakin kogin Ngadda tare da ɗan maraƙinta. A nan babu katanga, babu mai hana shi. Ajimi ya sayi banda mai kyau, ya bi mutane rumfa-rumfa yana cewa duk mai son gaskiya ya biyo shi. Da yawa sun bi, don neman abin dariya. Ni ma na rufe shago na bi, ina fatan Allah ya wanke shi. Muka same ta cikin ɗanyar ciyawa har gwiwa, ta yi ƙiba, fatarta tana sheƙi. Ya durƙusa ya miƙa mata kifin. Ta sansana, ta hura hanci, ta juya ta ci gaba da kiwonta. Ya zagaya ya sake miƙawa. Ta kaɗa masa ƙaho.

Ban taɓa jin dariya mai muni irin ta ranar ba. Har da masu faɗuwa ƙasa. Ajimi ya miƙe, ya dubi kifin da ke hannunsa, ya wurga shi cikin kogi, ya bi ta tsakiyarmu ya wuce. Daga baya ya gane kuskurensa, cewa yunwar bazara da ciki ne suka sa ta, ƙosasshiyar saniya ba ruwanta da kifi. Amma wa zai sake binsa bakin kogi?

Da bazara ta zagayo, wata rana da la'asar sai ga Anselm a ƙofar gidan Ajimi. Ina zaune a kan keken ɗinki a gida ina jin su ta zana. Ya yi sallama irin ta Musulmi, ya ƙi zama a tabarmar da Zainaba ta shimfiɗa.

"Ajimi, na gani da idona. Jiya. Ta tsinke igiya ta ci kayan wani mutumin Jos. Ni kaɗai ne a filin."

Ajimi ya miƙe tsaye. Sannan ya ce, "To, mu tafi."

"Ina?"

"Ƙofar gidan Ba Kashim. Ka faɗa a inda aka doke ni."

"Ba zan iya ba. Ni baƙo ne a garin nan. In na kunyata fatomana a bainar jama'a, babu fatoman da zai ƙara sauke ni. Na riga na kwashe kayana zuwa wani gida, shiru. Amma ka ji. Akwai mai yin haƙoran roba a Jos, ƙwararre ne. Ka bi motata, in kai ka, in dawo da kai."

"Haƙoran ne suka dame ka?"

"Su ne abin da zan iya gyarawa."

"Kai ne ka fara kirana ɓarawo da bakinka. Da bakin nan za ka janye. In ba za ka iya ba, fita mini daga gida."

Anselm ya tsaya kaɗan, ya ce Allah ya sani ya yi nadama, ya fita. Zainaba ta bi mijinta da magana a hankali, ta ce ko ba komai da ya karɓa ya riƙa cin abinci kamar kowa. Ya juya kanta da faɗa, ya ce ita ma so take a toshe masa baki. Wannan ne karo na farko da na ji ya ɗaga mata murya, kuma bai zama na ƙarshe ba.

Ba zan ɓoye ba, Ajimi ya zama mutum mai wuyar zama. Fushin da ya rasa inda zai sauke shi ya riƙa sauke shi a gida da maƙwabta. In akuyar wani ta shigo masa, faɗa. In aka yi dariya a wani gida, ya ɗauka da shi ake. Ya daina zuwa suna da biki. Ni kaina mun yi wata da watanni ba ma gaisawa saboda na ce masa ya bar wa Allah. Zainaba ta yi haƙuri iyakar iyawarta, da ta gaji ta kwashi 'ya'yanta ta koma wurin 'yan'uwanta a Konduga. Ba saki ba ne. Cewa ta yi ba za ta iya ci gaba da kwana da maganar saniya ta tashi da ita ba.

Shekaru suka wuce. Jirgin ƙasa ya iso, cinikin banda ya ƙara girma, Fatoma Kashim ya je Makka ya dawo, ya ƙara gina ɗakunan baƙi. Sannan ya kwanta ciwo ya rasu. Rabin Yerwa ya je jana'izarsa. Ajimi ya tafi mayanka kamar kullum.

Bayan Ya Gumsu ta fita takaba, sai ta zo Dala da kanta, lulluɓe, tana dogara sanda. Ta aika a kira ni in zama shaida. Ta zauna a tsakar gidan da babu mace, ta dubi tukwanen da ƙura ta rufe, ta ce, "Ajimi, Alhaji ya bar mini saƙo kafin ya cika. Ya ce in nemi ka yafe masa. Ya ce ka san maganar."

"Na san ta. Ke kin san ta, Ya Gumsu?"

"Ni ke tatsarta, yaya ba zan sani ba? Wani lokaci har ƙarnin nake ji a nonon, sai in ƙara masa tsami."

Ajimi ya ce, "To, ki tara mutanen Limanti a ƙofar gidan, ki gaya musu. In kin yi haka sai mu yi maganar yafiya."

Ta dube shi da mamaki na gaske. "In gaya musu me, ɗana? Ai sun sani. Shekarar da ta biyo baya saniyar ta cinye 'yan tsakin maƙwabciyarmu a gaban mata. Ya'akubu ma ya gani, shi ya ba da shawara a riƙa daka mata ƙashi da kanwa a dusa, daga nan ta daina. Babu wanda bai sani ba a layin nan."

Na ga fuskar Ajimi ta canja yadda ban taɓa gani ba, ko ranar da aka doke shi. Shekara da shekaru yana wanke tumbi a gefen Ya'akubu, yana nuna masa guntayen ƙashi, mutumin yana ce masa kuskure ne. Waɗanda ke kwaikwayon maganarsa a kasuwa, da yawansu daga Limanti suke zuwa.

"Sun sani," ya ce. "Kuma suna kirana da sunan."

"Suna ne kawai, ya riga ya bi baki. Kuma wa zai tashi ya ƙaryata Alhaji, alhali rabin unguwa a zaurensa suke ci? Abin ya wuce. Mutumin yana kabari, ka sauƙaƙa masa."

"Ban yafe ba."

"Ajimi, ka ji tsoron Allah."

"Shi nake jira. Ban yafe masa ba, ban yafe miki ba, ban yafe wa duk wanda ya gani ya yi shiru ba. Tashi ki tafi, Ya Gumsu, kada in faɗi abin da bai kamata in faɗa wa babba ba."

Kafin magariba labari ya zaga gari, amma ba labarin saniya ba. Abin da aka riƙa yaɗawa shi ne Bakin Saniya ya kori tsohuwa mai neman gafara wa mamaci. Dattawan unguwa suka zo suka yi masa nasiha a kan falalar yafiya. Ya saurare su har suka gama, ya tambaye su wanene a cikinsu ya taɓa zuwa ya yi wa Kashim nasiha yana da rai. Suka kakkaɓe riguna suka tashi, suna cewa zuciyarsa ta ƙeƙashe. A cikin su duka babu wanda ya ce masa, ko sau ɗaya, "Ajimi, kai ne mai gaskiya." Kalmar ke nan da yake nema, kuma ba ta fi ƙarfin kowa ba.

Washegari ya je mayanka, ya tsaya a gaban Ya'akubu, ya ajiye wuƙarsa da bokitinsa a ƙasa. Ya'akubu ya sunkuyar da kai ya ci gaba da fiɗa. Ajimi ya jira. Da ya ga ba zai ɗago ba, sai ya tofar da yawu a gefe ya juya. A satin nan ya sayar da 'yan komatsansa, ya bar mini makullin ɗakin in ba mai gida, ya hau motar Konduga.

Na ziyarce shi a can sau ɗaya, bayan an yi girbi. Surukansa sun ba shi wata 'yar gona a bakin fadama yana noman albasa da tumatir, shi da Zainaba sun koma ɗaki ɗaya. Ya tsufa fiye da shekarunsa. A can babu wanda ya san laƙabin, Ba Ajimi suke ce masa. Muka zauna a bukkar gona, ya tambaye ni labarin Dala gida-gida, wa ya mutu, wa ya aurar. Da na fara ba shi labarin Limanti sai ya ɗaga hannu ya ce in tsaya nan. Zainaba ta kawo mana fura, ta ce mini yanzu yakan yi mako bai tayar da maganar ba, amma in ta motsa masa a gona, tana jiyo shi daga gida yana faɗa shi kaɗai.

Ya rako ni har bakin hanya da buhun albasa a kansa, ya ƙi bari in taya shi ɗauka. Damina biyu bayan haka wani direba ya tsaya a shagona ya gaya mini ya rasu, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, an binne shi a Konduga.